Tsoron Hifnosis: Abin Da Ke Faruwa A Ɗakin Likita, Da Abin Da Ya Kamata Ka Kiyaye

A ce ka shekara biyu kana fama da ciwon ciki da kumburi, yau gudawa, gobe taurin bayan gida. An yi gwajin jini, an yi na bayan gida, an ɗauki hoton ciki, har an zura na'urar leƙa hanji, duk ba a ga komai ba. Ka sha magani iri-iri, sauƙin ba ya daɗewa. Sai likita ya ce maka akwai wata hanya da za a iya haɗawa da maganin da kake sha, ana ce mata hifnosis. Daga jin sunan sai gabanka ya faɗi, ka tuna wani fim da ka taɓa gani: mutum yana kaɗa agogo a gaban fuskar wani, idanun wancan suka kafe, ya koma raƙumi da akala.

Mutane da yawa haka suke ji, kuma ba abin kunya ba ne. Babu mai hankalin da zai so ya miƙa wa baƙo ragamar tunaninsa. Sai dai yawancin abubuwan da ake tsoro game da hifnosis ba sa faruwa, alhali abubuwan da suka cancanci taka-tsantsan ba a cika maganarsu ba. A nan za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, domin in ka yarda ka yarda bisa sani, in ka ƙi ma ka ƙi bisa sani.

Mene ne hifnosis?

Hifnosis yanayi ne da hankalin mutum ke tattaruwa wuri guda sosai, har ya rage kula da abin da ke kewaye da shi, kuma ya fi saurin karɓar kalaman da ake faɗa masa game da jikinsa ko tunaninsa. Idan ma'aikacin lafiya ya yi amfani da wannan yanayi don magance wata lalura, shi ake kira hifnoterafi, wato jinya ta hanyar hifnosis.

Ka taɓa shiga makamancin wannan yanayi ba tare da kowa ya sa ka ba. Ka tuna ranar da kake sauraron sharhin ƙwallo a rediyo, aka kira sunanka sau uku ba ka ji ba. Ko uwargida da labarin da take karantawa ya ɗauke mata hankali har miya ta kama. Ko direban da ya taso daga Kano zuwa Zariya yana tunani, sai ya ga ya wuce Kwanar Ɗangora bai lura ba, alhali yana riƙe da sitiyari daidai. Duk waɗannan idonsu biyu, kuma da wani abu zai gilma da nan take za su ankara.

Amma ta yaya magana kawai za ta taɓa jiki? Gwada wannan: ka ɗauka a ranka an ɓare tsamiya, ka sa a baki kana tsotsa. Da yawa daga masu karanta wannan layi yawu ya riga ya tsinke musu. Babu tsamiya a bakinka, amma ƙwaƙwalwa ta aika wa jiki saƙo kamar akwai. A kan wannan alaƙa ta ƙwaƙwalwa da jiki aka gina jinyar hifnosis.

An ga alamar hakan a hoton ƙwaƙwalwa. A 1997, Pierre Rainville da abokan aikinsa a birnin Montreal na Kanada sun sa mutane tsoma hannu cikin ruwan zafi suna cikin hifnosis. Da aka ce musu zafin ba zai dame su sosai ba, sai aikin sashen ƙwaƙwalwa mai kula da azabar ciwo ya ragu, alhali sashen da ke gane inda zafin yake bai canza ba. Wato mutum ya san ana taɓa shi da zafi, amma abin ba ya gallabarsa kamar da.

Daga ina tsoron ya samo asali?

Wani ɓangare na laifin na tarihi ne. A ƙarni na 18 an yi wani likita Bajamushe, Franz Anton Mesmer, wanda ya yi iƙirarin cewa akwai wani ƙarfi irin na maganaɗisu da ke gudana a jikin mutum, kuma shi yana iya sarrafa shi ya warkar da cuta. Ya yi suna ƙwarai a birnin Paris, har a 1784 Sarkin Faransa Louis na 16 ya kafa kwamitin bincike wanda ya ƙunshi Benjamin Franklin da masanin sinadarai Antoine Lavoisier. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen, wani almajirin Mesmer ya ce ya zuba wannan ƙarfi a jikin wata bishiya. Aka ɗaure wa wani yaro ido aka zagaya da shi lambun, sai ya sume a gindin wata bishiyar daban da ba a taɓa ba. Kwamitin ya yanke cewa babu wani ƙarfin ɓoye. Abin da mutum ya sa a ransa shi ke aiki a jikinsa.

Bayan haka, wani likitan tiyata ɗan Scotland mai aiki a Manchester, James Braid, ya yi nazarin abin, ya wallafa littafi a kai a 1843. Shi ya yaɗa sunan da ake amfani da shi yau, wanda aka samo daga kalmar Girkanci mai nufin barci. Daga baya shi da kansa ya gane ba barci ba ne, ya so ya canza sunan, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Har sunan da ake kiransa da Larabci, "tanwimul magnaɗisi", wato sa barci da maganaɗisu, yana ɗauke da kurakuran nan biyu.

Sauran laifin na masu wasan dandamali ne da 'yan fim. Mai wasa yakan kira 'yan sa-kai daga cikin 'yan kallo, ya gwada su, ya sallami waɗanda ba su ba da haɗin kai ba, ya riƙe waɗanda suka fi saurin karɓa kuma ba sa ƙin a yi dariya da su. Mai kallo sai ya zaci duk wanda aka kama haka zai yi. Tun 1952 Birtaniya ta yi dokar da ta sa sai da izinin hukuma ake irin wannan wasa. Shekara uku bayan nan, a 1955, ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince cewa hifnosis yana da gurbi a aikin likita, ta kuma ba da shawarar a koya wa ɗaliban likitanci.

Tambayoyin da marasa lafiya suka fi yi

*Shin likitan zai mallake hankalina?*

A'a. Kana jin abin da ake faɗa, kana iya magana, kana iya gyara zama, kana iya buɗe ido ka ce a tsaya. In aka faɗi abin da ranka bai kwanta da shi ba, za ka ji shi, kuma kana da ikon ƙi. Aikin mai jinyar kamar na mai nuna hanya ne, tafiyar kuwa da ƙafarka za ka yi ta. Shi ya sa ba a iya yi wa wanda bai yarda ba.

*Zan tona asirina ban sani ba?*

Hifnosis ba ya tilasta wa harshe faɗin gaskiya. Wanda ke cikinsa yana iya yin shiru, yana iya ƙin amsa tambaya, yana ma iya yin ƙarya in ya ga dama. Abin da ba ka so a sani yana nan a cikinka.

*In na shiga na kasa fitowa fa?*

An gwada wannan. A shekarun 1960, Martin Orne da Frederick Evans a Amurka sun sa mutane cikin hifnosis ta hanyar muryar da aka naɗa a kaset. Ana tsakiyar zaman sai aka yi kamar an ɗauke wuta, kaset ya tsaya, mai kula da gwajin ya fita ya bar su. Ba wanda ya tashe su, amma sannu a hankali suka buɗe ido da kansu. In aka bar mutum, ɗayan biyu ne: ko ya dawo yanayinsa na kullum, ko in a gajiye yake barci na gaske ya kwashe shi, ya farka kamar yadda ya saba.

*Ba masu raunin zuciya kaɗai yake kamawa ba?*

Saurin shiga hifnosis ba ya nuna ƙarancin wayo ko raunin hali. Ya fi alaƙa da iya tattara hankali da iya hasko abu a rai. Tun 1959 masana a Jami'ar Stanford suka fito da ma'aunin gwada wannan. Kusan mutum 10 zuwa 15 cikin 100 suna shiga da sauƙi ƙwarai, kwatankwacin wannan adadi kuma da ƙyar suke jin wani abu, saura suna tsakiya. Ba sai ka kasance a rukunin farko za ka amfana ba. In kuma ka gwada bai yi maka ba, ba laifinka ba ne. Kowane magani akwai jikin da bai karɓe shi ba.

*Ba sihiri ba ne, ko aiki da aljanu?*

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi a zukatan mutanenmu, kuma ta cancanci amsa a fili. A jinyar da ake yi a asibiti babu kiran sunan wani abin ɓoye, babu turare, babu laya, babu yanka, babu da'awar sanin gaibu. Magana ce da harshen da kake ji, kuma kana iya neman a karanta maka kalaman gaba ɗaya kafin a fara. Gaskiya ne akwai malaman da suka yi fatawar haramta "tanwimul magnaɗisi", bisa siffar da aka kawo musu ta mai amfani da aljani don gano ɓarawo ko abin da ya ɓata. Duk wanda ya yi maka irin wannan da'awa, ba aikin likita yake yi ba. Ba da fatawa ba hurumin likita ba ne. Abin da za ka yi shi ne ka nemi cikakken bayanin yadda zaman yake, ka kai wa malamin da ka amince da iliminsa, ka tambaye shi a kan abin da za a yi maka a zahiri. Idan bayan haka zuciyarka ba ta natsu ba, ka bari. Akwai wasu hanyoyin, kamar jinyar gyaran tunani da ɗabi'a ta hanyar tattaunawa, da ke taimakawa a yawancin lalurorin nan.

Yadda zaman yake gudana

Zama ɗaya yakan ɗauki tsakanin minti 30 zuwa awa guda. Da farko hira ce: mai jinyar zai tambayi tarihin ciwonka, magungunan da kake sha, da abin da kake fatan samu. A nan ne wurin fito da duk wata fargaba.

Daga nan za ka zauna a kujera ko ka kishingiɗa. Za a ce ka kafa ido a wuri guda ko ka rufe, ka riƙa numfashi a hankali, ka saki gaɓoɓinka ɗaya bayan ɗaya. Ana iya cewa ka hasko wani wuri da kake samun natsuwa, kamar inuwar bishiya a gonarku da yamma. Idan hankali ya tattaru, sai a shiga kalaman jinya. Mai ciwon hanji, alal misali, ana iya cewa ya ɗora hannunsa a cikinsa ya ji ɗumi yana ratsawa, ko ya ɗauki hanjinsa kamar kogi mai gudana a natse, ba gaggawa ba tsayawa. A ƙarshe a ƙirga, a ce ka buɗe ido.

Yawancin mutane suna tuna abin da aka yi. Wasu ma sukan ce, "Likita, anya ya kama ni kuwa? Ai ina jin komai." Haka abin yake. Sau da yawa akan ba ka muryar da aka naɗa ka riƙa saurare a gida, har ka iya yi wa kanka ba tare da kowa ba.

Inda bincike ya nuna yana da amfani

Lalurar hanji da aka kwatanta a farko, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da IBS, ita ce aka fi samun hujja a kanta. A 1984 Peter Whorwell da abokan aikinsa a Manchester suka wallafa gwaji a mujallar Lancet a kan mutum 30 da ciwon ya ƙi jin magani, kuma waɗanda aka yi wa hifnosis sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Bincike da dama sun biyo baya, har a 2008 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta sa shi cikin hanyoyin da za a duba wa wanda ya shekara yana shan magani bai samu sauƙi ba. Akan yi zama 6 zuwa 12.

Na biyu shi ne rage ciwo da fargaba lokacin aikin asibiti. A 2000 Elvira Lang ta wallafa gwaji a kan mutum 241 da aka yi wa aikin zura bututu a jijiyar jini ko ƙoda. Waɗanda aka taimaka wa da hifnosis sun buƙaci maganin ciwo kaɗan, kuma an fi saurin gama aikinsu. A 2007 Guy Montgomery a New York ya gwada zaman minti 15 kacal kafin tiyatar nono a kan mata 200, aka ga raguwar ciwo, tashin zuciya da kasala bayan aikin. A asibitin jami'a na birnin Liège a Beljiyam kuwa, tun 1992 ake yin wasu tiyatoci, irin na maƙoƙo, da hifnosis haɗe da allurar kashe zafin wurin da ɗan maganin kwantar da hankali, ba tare da an sa mutum barci gaba ɗaya ba. Ka lura: haɗawa ake yi da allura, ba a jefar da ita ba.

Na uku, zafin jiki da gumin da ke taso wa mata bayan ɗaukewar al'ada. A wani gwaji na Gary Elkins da aka wallafa a 2013 a kan mata 187, yawan tasowar zafin ya ragu da kusan kashi 74 cikin 100 bayan mako 12 ga waɗanda aka yi wa hifnosis, alhali a ɗaya rukunin kashi 17 ne.

Akwai kuma inda tallar ta fi hujjar yawa. Kan barin taba sigari, bitar da cibiyar Cochrane ta yi a 2019 ba ta sami isasshiyar hujjar cewa ya fi sauran hanyoyin ba. Hifnosis ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya narkar da ƙari, ba ya maye gurbin maganin hawan jini, ciwon suga ko farfaɗiya.

Abin da ya kamata ka kiyaye da gaske

Na farko, mutumin da zai yi maka. A ƙasashe da yawa babu dokar da ta hana kowa ya yi kwas na 'yan kwanaki a intanet ya kira kansa ƙwararre. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce: kada ka bari wani ya yi maka jinyar wata lalura da hifnosis, sai in yana da horo da lasisin kula da wannan lalurar ko da babu hifnosis. Wato likita, likitan haƙori, ko masanin halayyar ɗan Adam mai aikin asibiti. A Najeriya hukumar MDCN ce ke yi wa likitoci rajista. Masu wannan horo ba su da yawa a yankinmu, don haka ka fara da likitanka, ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa, su ba ka shawara.

Na biyu, jinkirta gano cuta. Kada a fara sai an bincika an san abin da ke damunka. Ciwon ciki mai zuwa da jini a bayan gida, rama, zazzaɓi ko ƙarancin jini yana buƙatar gwaji, haka ma ciwon kai sabo mai tsanani. Rage jin ciwon da ba a san dalilinsa ba yana iya ɓoye cutar har ta yi nisa.

Na uku, tunanin ƙarya. Wasu suna cewa za su mayar da kai ƙuruciya su tono abin da ka manta. Bincike ya nuna hifnosis ba ya ƙara ingancin tunawa, sai dai ya ƙara wa mutum yaƙini a kan abin da ya "tuna", ko da bai faru ba. Saboda haka kotuna da yawa a Amurka suka taƙaita karɓar shaidar da aka samo ta wannan hanya. Irin wannan yana iya sa a zargi ɗan'uwa da abin da bai aikata ba, zumunci ya lalace. Ka guji mai yi maka wannan tayi.

Na huɗu, ba kowa ya dace da shi ba. Wanda ke da lalurar ƙwaƙwalwa mai sa jin muryoyi ko gane-gane kada a yi masa. Mai farfaɗiya, mai matsananciyar damuwa, da wanda ya taɓa shiga mummunan tashin hankali kamar hari, garkuwa ko fyaɗe, sai da shawarar likitan ƙwaƙwalwa. Ga sauran mutane, illolin da aka fi gani ƙanana ne masu wucewa: ciwon kai, jiri, kasala, ko tasowar wani ɓacin rai.

Yadda za ka rage fargaba kafin zaman farko

Matambayi ba ya ɓata. Ka nemi zaman farko ya zama na hira kawai, ka tambayi waɗannan:

- Mene ne horonka, kuma wace hukuma ta yi maka rajista?
- Waɗanne kalamai za ka faɗa mini? Zan iya jin su tun yanzu?
- Zama nawa za a yi, nawa ne kuɗin, kuma yaushe za mu duba ko yana aiki?
- Za ka sanar da likitana abin da muke yi?

Kana da damar zuwa da wani naka ya zauna a ɗakin. 'Yar'uwa, kina da damar neman mace ta yi miki, ko mijinki, muharraminki ko ma'aikaciyar jinya ta kasance a wurin. Ba dole ba ne a taɓa jikin mutum, kuma ba a taɓawa sai da izini. In rufe ido ne ke tayar maka da hankali, ana iya yi ido a buɗe. Ku yi yarjejeniya a kan wata alama, kamar ɗaga yatsa, wadda da ka yi ta za a tsaya. Kana iya gwada ta tun a mintocin farko don ka tabbatar wa kanka cewa ragamar tana hannunka.

Ka tashi ka bar wurin idan aka yi maka alƙawarin warkewa ɗari bisa ɗari, ko aka ce ka daina shan maganinka, ko aka hana ka zuwa da ɗan rakiya, ko aka ce kada ka faɗa wa kowa abin da ake yi. Sannan kada ka saurari muryar da aka naɗa maka kana tuƙi, kana kan babur, ko kana aiki da wuta ko inji.

Ga 'yan'uwa da masu jinya

Idan an ba wani naku wannan shawara, ba ana nufin ciwonsa na ƙarya ba ne, ko ya samu taɓin hankali. Ciwon hanji da ciwon jiki mai daɗewa na gaske ne, kuma jijiyoyin da ke haɗa ƙwaƙwalwa da hanji suna da hannu a ciki. Ta nan ake bi a rage shi. Kada ku tsorata shi da labarin fim, kada kuma ku matsa masa, domin abin ba ya aiki da tilas. Ku raka shi, ku saurari bayanin tare, ku taimaka masa ya samu minti 15 zuwa 20 na shiru a gida don yin atisayen, ku kuma tabbatar yana ci gaba da shan magungunansa da zuwa ganin likita.

Idan bayan zaman da aka tsara babu wani canji, ku koma wurin likita a sake duba lamarin. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.